Zauren Malamin Gona: Wa Ke Gaya wa Shuka Lokacin Fure?

Wasiƙu sun taru a wannan wata, yawancinsu kukan tsadar taki ne, wannan kuwa sai dai mu haɗu mu yi shi tare. Uku na ware. Ta farkon ta kwana 2 a aljihun rigata ina juya ta, har uwargida ta tambaye ni ko takardar bashi ce. Daga baya na ga gara in amsa a fili, don na tabbata ba shi kaɗai ne yaron da wannan tambaya ke yi wa yawo a ka ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ɗalibi ne a sashen aikin gona, aji 2, gidanmu a Daura. A waya na ci karo da wasu Turawa masu kiwon irin tabar wiwi, suna cewa sun samar da wadda ke yin fure cikin 'yan makonni, ba ruwanta da lokaci. Abin ya ɗaure min kai. Ta yaya ake sa shuka ta yi fure da wuri? Wani abokina ma cewa ya yi wanda ya iya wannan ya gama da talauci. Don Allah Baba kada ka sa sunana.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Sunanka ba zai fita daga bakina ba. Tambayar taka da goyo ta zo, akwai taka, ga ta abokinka a bayanta. Bari mu sauke goyon tukuna mu sallame shi.

Noman wiwi a Najeriya laifi ne babba. Tun a 1966 gwamnatin soja ta yi dokar da ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga wanda ya shuka ta. An sassauta, an sake tsanantawa, har aka kafa hukumar NDLEA a 1989, kuma dokar da take aiki da ita tana iya kai mai nomawa ɗaurin rai-da-rai. Alƙali bai san "tukunya ɗaya ce a bayan ɗaki" ba, bai san "gwaji nake yi" ba. Mutanen da kake kallo a waya suna zaune ne inda hukumarsu ta yarje musu, irin Yurugwai da ta halatta a 2013 da Kanada a 2018. Kai kuwa a Daura kake kwana. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a ƙasar nan sun kai miliyan 10.6. Ni ba sai na buɗe rahoto ba, sau 2 ina raka ɗan maƙwabcina asibiti, yaron da da hannuna na koya wa riƙon fartanya. Hukuncin abin maye a addini kuma ka fi ni kusa da malaman da za su karanta maka. Don haka kiwon irinta ba za ka koya a zauren nan ba. Ka gaya wa abokin naka na gaishe shi.

Ka tuna min da wani abu. Wajen 1983, ina sabon malamin gona, Katsina ma tana cikin jihar Kaduna, na je duba gyaɗar wani mutum da ya kewaye ta da rama. Ina tafe ina yaba masa, sai na ga wasu 'yan gindi a lungu ganyensu ya rabu yatsu-yatsu har ƙasa. Na tsinko ɗaya na murza na kai hanci, ba tsamin rama na ji ba. Mutumin ko gezau, ya ce, "Malam, ai ramar Kudu ce." Kafin in sake zagayowa ramar Kudu ta yi ƙaura. Masana tsirrai ma sun ga wannan kama, shi ya sa a sunan Latin da suka raɗa wa rama suka liƙa mata na wiwi, alhali ba su haɗa dangi ba. Rama 'yar ɗakin su kuɓewa ce da yakuwa da auduga.

To, ga taka tambayar, wadda saboda ita na ɗauki biro.

A wajen fure, shuka kashi biyu ce: akwai mai ƙidayar kwana, akwai mai duban sama. Mai ƙidayar kwana tun ranar da ta tsiro take lissafi, in kwanakinta suka cika sai ta yi ciki, ko wane wata ne. Gero ya fi karkata nan. Mai duban sama kuwa ko ta isa, ba ta motsawa sai ta ga alamar da take jira. Maiwa, dawa ƙaura da farafara, waken kanannado, yakuwa, rama, duk 'yan wannan layi ne. Ita ma wiwi yawancinta nan take.

Mene ne alamar? Kakanninmu sun ce raɓa ce, wasu suka ce iskar kaka. Ba su yi nisa da gaskiya ba, don tare suke zuwa. Wasu Amurkawa biyu, Garner da Allard, ma'aikatan gwamnati a fannin gona, su ne suka kama ɓarawon a 1920. Suna da wata taba (tabar sigari nake nufi, kada abokinka ya miƙe zaune) da take yin tsawo ta wuce kan mutum, ba ta fure har sanyi ya zo ya kashe ta. Sun canja taki, sun canja ban-ruwa, shiru. Sai suka dasa ta a tukwane, kullum da la'asar su tura ta cikin ɗaki mai duhu, da safe su fito da ita. Nan da nan ta yi fure. A 1938 wasu kuma suka gano ashe ma dare take aunawa: in ka ba ta dogon dare amma ka kunna mata fitila na ɗan lokaci a tsakiyarsa, lissafin ya rushe, sai ta fasa. Ganye ne ke ji, shi ke aika saƙo zuwa kan shukar cewa lokaci ya yi.

Za ka ce mu nan ai dare da rana kusan ɗaya suke. Duba kiran magariba. A Yuli sai wajen ƙarfe 7 ake kira a Katsina, a ƙarshen Nuwamba kuwa ƙarfe 6 an yi. Ranarmu mafi tsawo, a Yuni, kusan awa 12 da minti 50 ce, mafi gajarta a Disamba awa 11 da minti 20 da 'yan kai. Tazarar awa ɗaya da rabi ke nan a duk shekara, amma dawarmu tana jin bambancin 'yan mintoci. Ni har yau in na tsaya a gonar ƙaura abin yana ba ni tsoron Allah. Ba agogo, ba kalanda, ga ta nan ba ta kuskure.

Na taɓa shuka kanannado sau 3 a fili guda don in nuna wa manoma: farkon Yuli, tsakiyarta, da farkon Agusta. Wata guda tsakanin na fari da na ƙarshe, amma da kaka ta kawo kai kusan tare suka yi fure, kamar an buga musu ƙararrawa. Bambancin a jiki yake. Na farkon ya yaɗu ya rufe ƙasa har ba ka ganin kunya, na ƙarshen bai wuce faɗin faifai ba. Da rani kuma na kai shi lambu kusa da dam ɗin Ajiwa. Da yake dare ya riga ya yi tsawo, bai tsaya girma ba, yana ɗan tsugul ya fara fure, ya ba ni 'yan kwanso da ba su cika tafin hannu ba. Mai lambun ya yi ta yi min dariya.

Kada ka ɗauka wannan jira wauta ce da masu ilimi suka zo gyarawa. Faɗuwar damina a ƙasarmu ba ta da alƙawari. Bana a yi shuka a farkon Yuni, baɗi sai Yuli ta raba. Ɗaukewarta ta fi tsayawa a kan lokaci. Dawar da ke duban sama, ko yaushe aka shuka ta, tana fid da kai ne dab da ɗaukewar ruwa, ƙwaya ta nuna a busasshiyar iska, ba ruɓa ba baƙi. Binciken da aka yi a cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, a shekarun 1960 ya nuna dawar kowane yanki ta daidaita kanta da ƙarshen daminar yankinta. Shi ya sa in ka ɗauko irin Funtuwa ka kai Daura, sai ya yi ta tara kara yana jiran daren da ba zai zo ba sai ƙasa ta bushe. Wannan daidaito ba a ofis aka yi shi ba. Tsofaffi ne da ke ware zangarniyar iri kowace kaka, shekara ɗaruruwa.

Abin da Turawan naka suka yi bai wuce wannan ba. A 1924 wani masanin tsirrai a Rasha ya bayyana wata ƙaramar wiwin daji da ake kira ruderalis. A can lokacin zafi gajere ne, rana tana kai awa 16 ko 17, duk shukar da ta ce sai dare ya yi tsawo za ta yi fure, ƙanƙara ce za ta yi mata sallama. Sai wannan ta zama mai ƙidayar kwana. Masu kiwon iri suka aura ta da nasu, suka yi ta zaɓe har halin ya zauna. Sirrin ke nan gaba ɗayansa, kuma su ma sun biya kuɗinsa, don shukar ƙarama take fitowa.

Tun kafin su an yi wannan a kan abin da ake ci. Norman Borlaug, wanda mu a ofis Noman muke ce masa kuma sunan ya dace da shi, ya fara aikin alkama a Meziko a shekarun 1940. Don ya rage jira, sai ya riƙa shuka sau 2 a shekara: da sanyi a arewa kusa da teku, da zafi a kan tsaunuka kusa da babban birnin. Tsawon rana a wuraren biyu ba ɗaya ba ne, don haka duk alkamar da ta yi kyau nan ta yi kyau can, wadda ba ta damu da duban sama ba ce. Bai ma nufi hakan ba, tsintuwa ya yi. Ita ce aka kai Indiya da Pakistan a shekarun 1960 ta karɓu, aka ba shi kyautar Nobel a 1970. A gida kuma, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da reshenta na Kano sun fitar da waken da ke nuna a kwana 60 zuwa 70, aikin da aka fi sanin wani Ba'indiye, B. B. Singh, da shi. A 2018 masana a Ostireliya da Ingila suka nuna in aka ba alkama haske awa 22 a ɗakin gwaji ana iya juya ta har sau 6 a shekara. Sai dai ka lura, alkama doguwar rana take so. Ka yi wa kanannado haka, sai ka tsufa kana jiran fure.

In da gaske hannunka ƙaiƙayi yake yi, ga aikin da zan ba ka, kuma a tsakar gidanku ma zai yiwu. Samo kanannado ko wani waken gida da mahaifiyarka ke yabon ƙosansa, ka samo ɗaya daga cikin masu saurin nan na Samaru da ake kira SAMPEA. Wake kansa yake yi wa barbara tun furen bai buɗe ba, saboda haka sai ka riga shi. Bayan la'asar ka nemi ƙullin furen da ya kumbura, wanda gobe zai buɗe. Da hantsaki ka tsaga shi a hankali. Za ka ga zaruruwa 10 masu ɗauke da garin fure, su ne mazan, ka cire su tas, ka bar macen a tsakiya ba ka ƙwarzane ta ba. Washegari bayan asuba ka tsinko buɗaɗɗen fure daga wanda ka zaɓa ya zama uba, ka goga garinsa a kanta, ka ɗaura jan zare a gindin. Kada ka bari hantsi ya yi, furen wake da wuri yake rufewa. Da yawa za su kaɗe. Ranar farko da na gwada, 20 na yi, 2 suka kama, ɗaya kuma akuya ta raba mu. Za ka kuma sha fama wajen sa iyayen biyu su yi fure lokaci guda, sai ka riƙa shuka mai saurin kashi-kashi, mako bayan mako, har ɗaya ya riski kanannadon.

'Ya'yan farko duk kama ɗaya za su yi, kada ka yi murna kada ka yi fushi. A jikoki ake ganin abin mamaki. Mendel, wani limamin coci da ya wallafa aikinsa a 1866, ya aura doguwar shuka da gajera, 'ya'ya duk suka fito dogaye, a jikoki kuwa gajeru suka dawo, 1 cikin kowane 4. Halin da ya ɓuya bai mutu ba. Lokacin fure yakan fi haka rikici don ba ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da shi ba, sai ka ga jikokin sun bazu, wani ya yi sauri, wani ya bi uwa, yawanci suna tsakiya. Nan ne littafi da biro za su yi aiki. Kowane gindi da lambarsa, da ranar da ya fara fure. Ka ɗebi irin waɗanda suka yi maka, kowanne a ƙunshinsa, ka sake shukawa. Kowane zagaye gaurayen yana raguwa da rabi, sai a na 5 ko na 6 za ka ga layi ya tsaya kamar sojoji.

Ga tarkon da ke kama sababbin hannu. Za ka so ka yi irin ta Noman, ka kai irinka lambun dam ɗin Daberam ko na Sabke da rani don ka ci zagaye 2 a shekara. Kai shi, amma kada ka yi zaɓe a can. Da rani dare dogo ne, mai duban sama da mai ƙidayar kwana duk da wuri za su yi fure, ba ka gane na ƙwarai. Rani na juya iri ne kawai. Zaɓe sai da damina, a Yuli da Agusta, lokacin da mai jira zai tona wa kansa asiri.

Kuma ka san abin da kake saye da abin da kake biya. Ganye shi ne madafin shuka, wadda ta yi fure da wuri da ƙaramin madafi ta shiga hidimar 'ya'ya. Na ga manomin da ya karɓi waken kwana 60 hannu bibbiyu, shekara ta zagayo ya dawo min da fuska a murtuke. Ƙwaya ya samu, harawa ce babu. Wanda ya san abin da damin harawa ke kaiwa a bazara, ko ana saura wata guda Babbar Salla, ya san kanannado ba don ƙwaya kaɗai ake shuka shi ba. Ga shi mai saurin yana nuna ne ruwa na zuba, in ba ka yi roro a kan kari ba kwanso ya ruɓe, kuma furensa ya faɗo daidai lokacin ƙwari, sai da feshi. Tsutsar da ke huda kwanso ce ma ta sa Samaru ta fitar da SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019. A ɗaya hannun, wanda ya ga farin 1973 da na 1984 ba zai raina mai sauri ba. Na ga gonakin maiwa tsaye kore shar, ruwa ya ɗauke, ko zangarniya ɗaya ba a cira ba, ɗan geron da ya riga ya nuna shi ya riƙe gidaje. Waken da ake rora a ƙarshen Agusta kuma, lokacin rumbu ya yi ƙasa, ba a faɗa wa matan gida daɗinsa. Ni a gonata ta hanyar Batsari kowanne na ba shi kunyoyinsa.

In lokacin koyon aiki ya zo, nemi a tura ka Samaru. Tun 1922 ake wannan sana'a a can. Sabon iri yakan ci shekara 8 ko 10 kafin ya fito da suna, don haka ka je da haƙurinka. Ka rubuto min ranar da jan zarenka na farko ya kama.

TAMBAYA: Baba Malam, ina wuni. Ni matar aure ce a Ƙofar Marusa, cikin Katsina. Kowace damina ina shuka yakuwa a jikin katanga, in sha miya in sami zoɓo na sayarwa. Bana ta yi girma ta wuce katanga, ganye kamar me, amma ta ƙi fure, alhali ta maƙwabciyata har an fara tsinka, kuma iri ɗaya muka raba. Wasu sun ce baki ne.

AMSA: Lafiya lau, 'yata. Kafin ki nemi mai baki, fita bayan isha ki tsaya inda yakuwar take, ki ɗaga kai. In zatona ya yi daidai, akwai fitilar sola a kanta, ko ta titi da aka kafa bana, ko wadda maigida ya sa a ƙofar gida saboda ɓarayi. Karanta amsar da na ba ɗan'uwanki na Daura. Yakuwa mai duban sama ce, dogon dare mai duhu take jira, fitilar kuma ta hana ta ganin dare. A wajenta har yanzu Yuli ake ciki, shi ya sa take ta zuba ganye. Duba ma da kyau, sau da yawa reshen da inuwar katanga ta kare shi za ki ga ya ɗan yi ƙulli, na saitin fitila kuwa babu.

In fitilar taku ce, a juya fuskarta ko a yi mata hula da kwali ta ɓangaren shukar, kuma kowane dare, ba yau a rufe gobe a manta ba. In akwai sauran danshi a ƙasa, ko kina ɗan zuba mata ruwan wanke-wanke marar omo, cikin mako 2 zuwa 3 kina iya ganin ƙulli. In ta titi ce, kada ki sa yara su taɓa kayan hukuma, ki sha miyarki bana, baɗi ki koma da ita bayan ɗaki. Wurin fitilar ki ba tumatir, shi bai damu da tsawon dare ba. In kuwa kin fita kin tarar da duhu ƙirin, to sai mu tuhumi taki. Yakuwar da aka cika wa kashin kaji ko yuriya takan shagala da ganye ta yi nawa. Rubuto ki gaya min wanne ne.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Manomi ne ni daga Sandamu. Shekara 4 da suka wuce na sayi geron SOSAT, ya yi sauri ya yi kyau, sai dai tsuntsu ya ci rabonsa. Tun daga nan nake ajiye iri daga gonar. Bana ya fito wani dogo wani gajere, wani ya nuna wani yana bununi. Ko mai irin ne ya cuce ni?

AMSA: Barka kadai, Alhaji. An taɓa sayar min da tsabar kasuwa a cikin leda mai hoto, don haka ba na rantsuwa a kan mai sayar da iri. Amma a nan ka sake shi. Da ya cuce ka, tun shekarar farko za ka gani.

Gero ba kamar wake ba ne, bai iya zaman gida ba. A zangarniya guda macen ke riga fitowa, wannan farin gashi-gashin, sai bayan kwana 2 ko 3 bununin ya biyo. Kafin nata ya iso, iska ta riga ta kawo mata na maƙwabta. SOSAT ɗinka, wanda cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fitar, yakan nuna a wajen kwana 90, gajeren kai gare shi mai kauri. Shekara 4 yana auratayya da geron gida mai dogon kai na gabas da kai da na yamma da kai. Abin da ka gani bana jikokinsu ne.

Sabunta iri duk bayan shekara 2 ko 3, daga wajen da ke da shaidar hukumar iri ta ƙasa, ko ka bi ta ofishin hukumar raya aikin gona ta jihar Katsina (KTARDA) na yankinku. In kuma kai za ka riƙa ajiyewa, bar ɗiba daga dami bayan an kai gida, a nan ba ka san wanda ya riga wani ba. Shiga tsakiyar gona lokacin fid da kai, nesa da iyaka, ka ɗaura tsumma a kan waɗanda suka fito tare, masu siffar da ka saya, marasa domana. Kada ka bi na farkon fari kurum, sau da yawa ƙananan kai ne marasa ƙwaya. Kuma ka tara da yawa, kai 200 ko fiye, don geron da aka tsamo daga kai 5 ko 10 yakan yi rauni bayan 'yan shekaru. A yanke su daban, a ɗaure daban, a rataye inda uwargida ba za ta kai hannu ba ranar da baƙi suka sauka.

Maganar tsuntsu kuwa, gonar da ta riga kowa nuna ita ce walimar jan-baki, duk na karkarar nan wurinka za su yi sallama. Gwangwani da tsohon zaren kaset suna aiki kwana 2, a na 3 a kansu za su sauka. Abin da na ga ya yi magani shi ne a haɗa baki. Ku 10 ko 15 masu gonaki a jere ku sayi iri ɗaya, ku shuka da ruwa ɗaya. Ɓarnar ta rabu a kanku, bununin da iska za ta kawo maka kuma na irinka ne. Akwai wani ma da ya fi SOSAT sauri, sunansa Jirani, amma shi kada ka kuskura ka shuka shi kai kaɗai.